Taswirar Zuliha

Wata uku cur Zuliha ta yi tana bin gidajen Hausawan unguwar Asata ta birnin Inugu ɗaya bayan ɗaya, littafin rajista a hammata, 'yarta Rahama goye a baya, har takalmanta biyu suka tsinke, har matan unguwa suka laƙa mata suna Malama Sa-Hannu. Da sun hango ta ta karyo kwana sai wata ta ɗaga murya, "A ɓoye mazaje, ga Sa-Hannu nan!" Ita ma dariya take yi, ta shiga ta zauna, ta taya su tsince wake ko yankan kuɓewa, ba ta tashi sai an ba ta abin da ta zo nema.

Abin da take nema kuwa suna ne da adireshi. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta kawo shiri Inugu, na horar da iyalai su iya tsayawa da ƙafarsu a harkokin gari. Miji da mata da ɗa ko 'ya za su riƙa zuwa tare duk Asabar har mako goma sha biyu, a koya musu yadda ake miƙewa a yi magana a taron mazaɓa, yadda ake rubuta wa kansila takarda a kan kwata ko famfo, yadda ake shiga kwamitin iyayen yara a makaranta. Madam Ifeoma, jami'ar ƙungiyar, sharaɗi guda ta gindaya: ranar ƙaddamarwa sai an samu iyali ashirin, kowanne da sunansa na gaskiya da adireshin gidansa daban. In ba su cika ba, shirin zai koma Anacha, inda wasu ke jiransa.

A nan wahalar take. Tun kafin a haifi Zuliha, adireshin kowa a unguwar ɗaya ne: Lamba 14, Titin Owerri, shagon Alhaji Gwadabe, dattijon da ke wakiltar Hausawan wurin. In za ka buɗe asusun banki, Lamba 14. In ɗanka zai shiga makaranta, Lamba 14. In an kama mai tura baro a kasuwar Ogbete aka je beli, Lamba 14. Wasiƙun mutum ɗari uku a wani tsohon kwalin sabulu suke taruwa, ƙarƙashin kantar Alhaji. Sunaye ma haka abin yake: Mai Albasa, Ɗan Kazaure, Dogo Mai Shayi. Sai ka shekara goma kana cin tuwo da mutum ba ka san sunan ubansa ba.

Zuliha ta tsani wannan ɗabi'a tun tana 'yar firamare. A Asata aka haife ta, a Asata aka haifi mahaifinta, marigayi Falalu. Yaren Ibo a bakinta kamar Hausa yake, har mafarki tana yi da shi. Amma duk damina, idan kwatar bayan layinsu ta cika ta shigo musu ɗaki, iyakar abin da dattawa ke yi su tura Alhaji Gwadabe ya je ya gai da kansila, ya dawo da alkawari. "Mu baƙi ne," in ji su, "a bi a hankali." Baƙi! Kalmar nan tana sukar ta kamar ƙaya a cikin takalmi. Ita burinta ta ga ranar da Rahama za ta miƙe a gaban taro ta faɗi sunanta da lambar gidansu, ba tare da ta waiwaya ta ga wa ke saurare ba.

Iyali ashirin da uku ta samu. Ba wai sun gane shirin sosai ba ne, sai don ita 'yar Falalu ce, a hannunsu ta girma. Babu wanda ya ce mata ta ɓoye littafin. Ba su zaci akwai ɗan unguwar da sai an gaya masa haka ba.

Murna ce ta ja ta. Kwana biyu ta yi da fensira masu launi tana zana taswirar unguwar, tun daga masallaci har bakin kwata, kowane lungu, kowane famfo. Duk gidan da ya shiga shirin ta ɗiga masa koren tauraro, ta rubuta cikakken sunan maigidan a gefe, da sana'arsa, da lambar gida. Ta kai wa masu buga fosta suka fito mata da ita ƙatuwa, ta fi tabarma.

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana uku a ƙaddamar, ita da mijinta Abdurrahim suka kafa fostar a jikin katangar makarantar da take koyarwa, inda za a yi taron. Shi ya ƙera mata firam ɗin ƙarfe da hannunsa. Shekara takwas da suka wuce ya zo daga wani ƙauye kusa da Gumel, ya tura baro a Ogbete, ya koyi walda a unguwar Coal Camp. Ranar da aka kira shi gyaran ƙofar makarantar nan ya fara ganin Zuliha, kuma ƙofar da za a gyara a wuni ɗaya sai da ta ci masa mako guda.

"Ɗaga ɓangarenka kaɗan, Abban Rahama, ya karkace."

"Malama, ni fa mai walda ne. In kin ga abu ya karkace, a duba idon."

"Idon da ya zaɓe ka?"

"Ai tun a nan na gane yana da matsala."

Ta yi dariya har ta dafa katanga. Da ya sauko daga kan benci, ta nuna masa wani tauraro da bakin fensir. Bokonsa ba shi da ƙarfi, sai ya bi haruffan a hankali kamar mai taka duwatsu a rafi.

"Ab-dur-ra-him Ba-da-ru. Mai walda. Lamba bakwai." Ya ja da baya ya sake kallo. "Tun da nake ban taɓa ganin sunana da girma haka ba. Ko a katin ɗaurin aurenmu sai da aka matse shi a ƙasa."

"Yau ka zama mutumin Inugu."

"Kowa zai gani ke nan?"

"Shi ya sa muka juyo da ita tana kallon titi."

Ya shiga goge hannu da tsumma. Ita kuwa zuciyarta ta cika fal, ta ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

Ba ta gama tuɓe mayafi ba bayan an tashi makaranta, sai ga maƙwabciyarta Bashira, matar Dogo Mai Shayi, ta faɗo ɗakin ko sallama babu, waya a hannu.

"Saurari abin da kika ja mana."

Hoton taswirar ne, wani ya ɗauka ya tura a guruf ɗin WhatsApp, ƙarƙashinsa muryar wani namiji da babu wanda ya sani: "Jama'a, don Allah a yaɗa. An fara ƙidayar gidajen Hausawa a Inugu, an sa wa kowane gida alama. Duk mai ɗan'uwa a can ya kira shi." Saƙon ya je Anacha ya dawo, ya je Kano ya dawo. Uwar Bashira ta kira sau huɗu tana kuka.

"Ƙarya ce wannan! Ni na zana, ke ma kin sani. Bashira, ke fa kika ba ni sunan Dogo da bakinki, har kina cewa in ƙara masa Alhaji."

"Ke na ba. Ban ba titi ba."

Kafin Zuliha ta amsa, tata wayar ta ɗauki ƙara. Kawunta Gimba ne, mahauci a Trans-Amadi ta Fatakwal, mutumin da sai sallah zuwa sallah yake kira. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Ke, wai da gaske ke ce? Duk karatun nan naki a ina ya tsaya?"

Bayan la'asar aka aiko Alhaji Gwadabe yana nemanta. Ta tarar da shi a zauren bayan shago tare da dattawa uku. A gaban ƙafarsa ga fostarta an ninke ta huɗu, a jikin bango ga firam ɗin an jingine, ƙafafunsa da sabon baƙin yanka. A lungu kuma Abdurrahim ne zaune, kai a sunkuye. Kallo ɗaya ta yi wa hannunsa ta gane wanda ya yi yankan.

Ta durƙusa. "Baba, barka da yamma."

"Barka kadai, 'yata. An wuni lafiya? Ya yarinya? Ya aikin makaranta? Ya kakarki Hajiya Baiwa da ƙafar? Madalla." Bai rage ko ɗaya a gaisuwar ba. Sannan ya taɓa fostar da sandarsa. "Wannan hannunki ne?"

"Hannuna ne, Baba."

"Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. Shekara arba'in da ɗaya ina unguwar nan, ban san akwai hanyar da ta ɓulle daga bayan gidan Mai Albasa zuwa bakin kwata ba sai yau. Yanzu na sani. Duk wanda ya bi titin nan da safe shi ma ya sani."

Ta ɗago kai. "Baba, a gafarce ni in na yi kuskure. Amma kansila ba zai gyara kwatar mutanen da ba su da gida a takarda ba. A takarda, mu duka a shagonka muke kwana. Mutum ɗari uku a kan buhunan shinkafa."

Ɗaya daga cikin dattawan dariya ta kufce masa, ya mayar da ita tari. Malam Na'Allah, ladanin masallaci, ya girgiza kai. "Ku ji 'yar boko."

Alhaji ya ɗaga masa hannu. "Zuliha, kina ganin daɗi nake ji ɗan sanda ya buga min ƙofa saboda mutumin da ban taɓa gani ba? In wani abu ya taso, Allah ya kiyaye, ƙofa ɗaya za a nema. Tawa. Ni na yarda da haka tun ina da baƙin gemu."

"Babu abin da zai taso, Baba. Maƙwabtanmu ne. Tare muka yi makaranta, muna zuwa bikinsu suna zuwa namu."

"Allah ya sa. Addu'ata ke nan kullum. Kawo littafin."

Ta ƙanƙame shi a ƙirji. Wata uku ne a ciki, da takalma biyu, da kuɓewar da ta yanka har yatsunta suka yi kanta.

"Ba shi, Malama," in ji Abdurrahim daga lungu, murya ƙasa-ƙasa.

Ta miƙa da hannu biyu. Alhaji bai buɗe ba, ya tura shi ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai.

"Ranar Asabar fa, Baba?"

"Ke 'yarmu ce. Ba za mu bari ki ji kunya a gaban mutane ba."

A hanyar gida tana gaba yana baya, har suka wuce famfo. Sai da suka shiga ɗaki ta juyo, idanunta sun kaɗa.

"Da hannunka ka ƙera, da hannunka ka yanke."

"Innata ta kira ni daga ƙauye. Wayar ma aro ta yi. Cewa take in kamo hanya yau ɗin nan."

"Sai ka ce mata ƙarya ce! Matsoraci kawai."

Kalmar na fita ta so ta kamo ta, amma ta riga ta isa. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Ke a nan aka haife ki, Zuliha. Kina da yaren da za ki ɓuya a ciki. Ni ina buɗe baki an san ni."

Ya ɗauki buta ya fita. Daga ranar magana ta koma ta dole: ga abinci, na fita, a dawo lafiya.

Washegari ta je wurin kakarta, Hajiya Baiwa, tana neman wanda zai ce mata ta yi daidai. Ta samu tsohuwar a tsakar gida ta miƙe ƙafar da ke ciwo tana ɓarar gyaɗa.

"A'a, ga mai zanen ƙasa! Zo ki zana min hanyar banɗaki, kwana biyu ina ɓata."

"Hajiya, ke ma?"

"Ni ma me? Zauna ki kama ɓara, hannunki ya yi abin amfani yau."

Suka yi ta ɓara. Can tsohuwar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ubana tela ne a Coal Camp. Yana da allo a saman ƙofa, kore shar, irin taurarinki. Malam Umair Tela. Ba wanda ya kai shi alfahari da allon nan, kullum sai ya goge shi. Ina shekara tara gari ya rikice. Jiragen ƙasa suna ta zuwa daga Arewa da Ibo mutanen nan, wasu a raye wasu ba a raye ba, kowa ransa ya ɓaci. Maƙwabciyarmu, Mama Ngozi, ita ta hau kan turmi da taɓarya ta ɓalle allon, ta tura shi ƙarƙashin gadonta. Ubana har faɗa ya yi mata. Ta ɗaura min zaninta, ta ce in an tambaye ni kar in buɗe baki."

Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannu.

"Da masu farautar Hausawa suka shigo layin, suka wuce ƙofarmu. Akwai wani mai gyaran keke a ƙarshen layi, shi ba a cire nasa allon ba. 'Yarsa ƙawata ce, Zakiyya. Tare muke ɗebo ruwa, ban sake ganinta ba." Ta fasa wata gyaɗar. "Da muka isa Kano kuma na ga shagunan Ibo, allunansu a ƙasa ana takawa. Ban iya karantawa ba lokacin, amma na gane."

"Hajiya, shekara kusan sittin ke nan."

"A kalandarki."

Hawaye suka zubo wa Zuliha, na haushi ne ko na tausayi ita ma ba ta sani ba. "To sai yaushe? Haka Rahama ma za ta tashi tana ɓoye lambar gidan ubanta?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Ni dai na dawo da ƙafata, na haifi ubanki a nan, na binne shi a nan. In wannan bai ishe su ba, ban ga abin da takarda za ta ƙara ba. Miƙo min faranti."

Ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci layin ya yi tsit, aka ƙwanƙwasa ƙofar Lamba 7. Zuliha ta buɗe da Rahama a kafaɗa, tana zaton Bashira ce. Wani ƙaton mutum ta gani, baƙuwar fuska, waya a hannunsa, a fuskar wayar kuma taswirarta, an buɗa ta daidai kan tauraronsu.

"Na here be number seven? Abdurrahim wey dey weld?" Da Turancin kasuwa yake tambaya ko nan ne gidan Abdurrahim mai walda.

Ba ta yi shawara da kanta ba. Bakinta kawai ta ji yana magana da Ibo tsantsa, irin na 'yan asalin Inugu, yana cewa babu mai wannan suna a nan, ya yi ɓatan kai.

Mutumin ya sosa ƙeya, ya ba ta haƙuri da ladabi. Ya ce a hoto ya ga sunan, ƙofar ƙarfe yake so a yi wa gidan mahaifiyarsa, an ce Hausawan Coal Camp sun iya aiki. Ya yi wa Rahama wasa da yatsa, ya juya ya tafi abinsa.

Ta rufe ƙofa, ta zura sakata, ta zame ta zauna a ƙasa. Sai da yarinyar ta tsala kuka ta lura da yadda ta matse ta. Ƙofa yake so. Mutumin kirki ne, ƙofa kawai yake so. Ta maimaita wa kanta haka ya fi sau goma, amma ba ta tashi ta zare sakatar ba. Da Abdurrahim ya dawo ba ta gaya masa ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

Asabar ta zo da hadari a gabas. An jera kujeru a babban ɗakin makaranta, an ɗaura balan-balan, ga kulolin shinkafa a gefe, ga kwalaye na littattafan horon ba a ko buɗe ba. Madam Ifeoma ta zauna a bakin ƙofa da kwamfutarta, wakilin kansila yana ta duba agogo. Ƙarfe goma ta yi babu kowa. Goma da kwata babu kowa. Zuliha ta tsaya a taga tana kallon hanya.

Goma da rabi ta hango su. Alhaji Gwadabe a gaba da babbar riga, bayansa unguwa ce gaba ɗaya: maza cikin shadda, mata cikin atamfar sallah, yara an sa musu kwalli. Mai Albasa da iyalinsa, Ɗan Kazaure da nasa, Dogo da Bashira, har Malam Na'Allah. Ashirin da uku, babu wanda ya rage. Zuliha ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Sun zo! Duk da komai, sun zo!

"Nne, ƙanwata, you try! Kin yi ƙoƙari!" in ji Madam Ifeoma, ta rungume ta. "Oya, a fara rajista."

Alhaji ne farko. Ya faɗi sunansa, ya faɗi Lamba 14, Titin Owerri. A kusurwar kwamfutar wani ɗan akwati ya nuna 1.

Mai Albasa ya matso yana murmushi, matarsa da ɗansa a bayansa.

"Suna?"

"Mai Albasa."

"Adireshi?"

"Lamba goma sha huɗu, Titin Owerri."

Kwamfutar ta yi ɗan ƙara. Ta nuna an riga an yi rajistar wannan gida, sai ta zuba su cikin iyalin farko. Akwatin bai motsa daga 1 ba. Ɗan Kazaure ya matso, ya gaishe da Madam har da rusunawa, ya ce Lamba 14. Dogo ya ce Lamba 14. Ba mai faɗa, ba mai ɗaure fuska. Kowa ya faɗa cikin ladabi, ya ja iyalinsa su nemi kujera.

Wajen na goma Madam Ifeoma ta janyo Zuliha gefe, ta yi mata raɗa da Ibo. "Mene ne haka? Ina littafin da kika nuna min?"

Zuliha ta gaya mata a gajarce: taswirar, muryar da aka yaɗa, dattawa. Ta jira faɗa. Madam ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen zani.

"Mahaifina ya yi shekara talatin a Sabon Garin Kano," ta ce. "Har ya bar garin bai yarda an rubuta sunansa a ƙofa ba." Ta mayar da tabarau. "Ndo, sannu, ƙanwata. Amma abin da na shigar kai tsaye yake tafiya ofishinmu. Ban da horon Asabar, malamanmu gida-gida za su riƙa bi. Ba zan tura su shagon shinkafa ba."

Layi ya ci gaba har ya ƙare. Saura iyali ɗaya.

Abdurrahim ya matso gaban tebur. Sai a lokacin Zuliha ta lura farin kaftanin ɗaurin aurensu ne a jikinsa, ya ɗan matse shi a kafaɗa. Ta tsaya a gefensa da Rahama a baya.

"Suna?"

"Abdurrahim Badaru." Da ƙarfi ya faɗa, har na kujerun baya suka ji. Surutu ya ɗauke. Malam Na'Allah ya ɗago kai.

"Adireshi?"

Ya juyo ya dube ta, irin duban da ya yi mata shekara huɗu da suka wuce daga bayan ƙofar da ya ƙi gamawa. Ta ga ya cusa hannu a aljihu, ya gyara tsayuwa. Tsoro yake ji, kuma zai faɗa, saboda ita. A duk zamansu ba ta taɓa son sa kamar a wannan daƙiƙar ba.

"Lamba bakwai..."

Rahama ta motsa a baya, ta kwantar da kumatu a wuyanta, numfashinta ɗumi-ɗumi. Zuliha ta ga layin da ya yi tsit, ta ga wayar a hannun ƙaton mutumin, tauraronsu an buɗa shi ya cika fuskar wayar.

"Goma sha huɗu," ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "Lamba goma sha huɗu, Titin Owerri."

Abdurrahim ya ja da baya daga gaban tebur. Madam Ifeoma ta dube ta, ta sunkuya ta buga. Kwamfutar ta yi ɗan ƙaranta. Akwatin ya tsaya a 1.

Taro dai an yi shi, tunda an riga an dafa shinkafa. Malam Na'Allah ya buɗe da addu'a. Wakilin kansila, wanda bai san abin da ya faru a bakin ƙofa ba, ya yaba da haɗin kan Hausawan Asata, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, aka yi masa tafi. Maganar kwata ba ta taso ba. Alhaji Gwadabe ya gode wa ƙungiya, ya gode wa hukuma, ya gode wa 'yarsu Zuliha da ta tara su. Da aka watse, direban Madam ya kwashe kwalayen littattafan da ba a buɗe ba ya mayar bayan mota. Litinin za su wuce Anacha.

A bakin ƙofa mata suka yi ta kama hannun Zuliha. Bashira ta matse shi da ƙarfi, fuskarta sake kamar ba a taɓa yin komai ba. "Allah ya yi miki albarka, Sa-Hannu. Ai mun san ke tamu ce."

Ta amsa da amin. Ta so a ce zaginta aka yi.

Suka kamo hanyar gida su uku, suka wuce katangar da guntayen ƙarfe huɗu suka rage a jikinta. Iska ta taso tana kwasar ledoji, ɗigon farko ya faɗo mata a goshi. Ta jira ya tambaye ta dalili, ta shirya ta gaya masa labarin mutumin ranar Juma'a, ta roƙe shi gafarar kalmar da ta jefe shi da ita. Bai tambaya ba. Ya dubi sama, ya dubi bakin kwata inda ruwan jiya bai gama janyewa ba, ya miƙo hannu ya kwance Rahama daga bayanta ya saɓa ta a kafaɗa.

"Ɗaga ƙafa, Malama," ya ce. "A je a ɗora katifa kan tebur kafin ruwan kwata ya shigo."